Yara takwas, direba biyu: aikin sauran ranar gasar robo

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ka ce kana koyarwa a wani lise a nan Damagaram, kana da yara takwas da suka yi wata huɗu suna haɗa mutum-mutumi da kayan VEX V5, ga shi an gayyace ku gasa karo na farko. Biyu za su tuƙa, ɗaya ke rubuta wa robon umarni a kwamfuta, sauran biyar kuwa ba ka san abin da za ka ba su ba ranar wasa. Sannan kana tambaya yadda ake tsara dabara alhali ba ku taɓa ganin robon kowa ba sai naku. Tambayoyin nan biyu amsarsu guda ce. Yaran nan biyar su ne za su kawo maka dabarar, muddin ka koya musu kallo da ƙidaya tun kafin ku bar gida.

Dubi dai yadda gasar take. Filin VEX V5 murabba'i ne, kowane gefe ƙafa 12, wato kimanin mita uku da rabi da ɗan ɗoriya. Robo huɗu ke shiga, biyu a ɓangaren ja, biyu a ɓangaren shuɗi. Daƙiƙa 15 na farko robo ke tafiya da kansa bisa umarnin da aka rubuta masa, ba mai taɓa manet, wato na'urar tuƙa shi. Daga nan direbobi su karɓa, minti ɗaya da daƙiƙa 45, shi ke nan an tashi. A wasannin share fage kwamfuta ce ke haɗa jadawali, saboda haka ƙungiyar da kuka yi ƙawance da ita da hantsi tana iya zama abokiyar karawarku bayan azahar. Nasara tana ba da maki 2 a jerin ƙungiyoyi, kunnen doki maki 1, akwai kuma ƙarin maki 1 ga ƙawancen da ya cika wasu sharuɗɗa cikin daƙiƙa 15 ɗin nan. In an gama, waɗanda suka zo sama su zaɓi abokan tafiya, a shiga sili ɗaya ƙwale. Sauran gasannin ma duk kusan haka suke. A FIRST Tech Challenge robo na tafiya da kansa daƙiƙa 30, direbobi su yi minti biyu. A FIRST Global, wadda aka fara a birnin Washington na Amurka a 2017, kowace ƙasa ƙungiya ɗaya take turawa, ana haɗa ƙasashe uku a ɓangare guda. Ga kuma PARC, gasar robo ta nahiyarmu Afirka, wadda Farfesa Sidy Ndao ɗan ƙasar Senegal ya kafa. Duk inda ake wasa da ƙawance, rabin sakamakonka yana hannun robon da ba kai ka haɗa ba, kuma dole ka san shi.

Aikin daga gida yake farawa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace shekara wasa sabo ne, littafin dokokinsa ma sabo, ana kuma yi masa gyare-gyare a tsakiyar kaka. Ka samo na baya-bayan nan, ka buga shafukan maki da na laifuffuka, ka danƙa wa yaro guda wanda ya fi jin Ingilishi, ya zama shi ne mai riƙe da doka a ƙungiyar. Sai ku zauna gaban allo ku raba kowane aiki da lokacin da yake ci. A ce jefa abu a babbar raga maki 5 ne amma robonku sai ya yi daƙiƙa 20 kafin ya ɗauko ya jefa, tura abu cikin kusurwa kuwa maki 2 ne amma daƙiƙa 5 kacal yake ci. A daƙiƙa 20 ɗin nan, na farko ya ba ku 5, na biyu ya ba ku 8. Yara sun fi son babbar raga saboda ita ke sa a yi tafi. Lissafin nan ne zai kwantar da gardamar, kuma gara su yi shi da hannunsu.

Bayan haka ku san adadinku na gaskiya. Ku yi cikakken wasa sau goma da agogo, kamar ranar gasa, ba tsayawa don gyara, ba "bari mu sake". Ku rubuta makin kowanne, ku jera daga ƙarami zuwa babba. Biyun da ke tsakiya su ne ku. Mafi girma kuwa ku ajiye shi gefe, ranar sa'a ce. Ƙungiyoyi da yawa suna zuwa gasa da adadin ranar sa'a a bakinsu, su gina dabara a kansa, su yi wa abokin ƙawance alkawari da shi, sai fili ya ƙaryata su.

Akwai abu biyu da suka shafe mu musamman mu ƴan Damagaram. Na farko zafi. Motar V5, wato ƙaramin injin da ke juya tayoyi da hannun robo, tana da ma'aunin zafi a cikinta, in ta kai digiri 55 sai ta rage ƙarfinta da kanta zuwa rabi, in ta ci gaba da zafi ta ƙara ragewa har ta tsaya. A ajin da rufinsa kwano ne, cikin watan Afrilu, motar tana farawa ne daga sama da digiri 40, ba ta da nisa da iyakar. In kun ga robo ya yi sanyin jiki bayan zagaye uku a jere, ku taɓa motocin kafin ku zargi batir ko direba. Na biyu ƙasa. Filin gasa shimfiɗar soso ce mai kama taya, mu kuwa galibi a kan siminti muke gwaji, ga ƙurar hunturu a kai. Umarnin da ya juya robo daidai a kan siminti zai iya gazawa ko ya wuce a kan soso. Don haka da isarku wurin gasa, da zarar an auna robon an tabbatar bai wuce inci 18 ta kowane gefe ba, mai rubuta umarni ya nufi filin gwaji ya daidaita daƙiƙa 15 ɗinsa.

To, ga takardar masu sa ido, wato yaran nan biyar, inda na fi son ka tsaya ka natsu. Karon farko da na kai yara gasa, na zana musu takarda mai gida-gida har kusan talatin, har da launin robo da yawan tayoyinsa. Niyyata kada kome ya wuce mu. Kafin azahar yara sun gaji, wani yana cike gidan farko wasa ya ƙare, rabin takardun fari fat, sauran kuma kintace ne. Da lokacin zaɓe ya zo, ga takardu tuli a hannunmu amma babu wadda za mu dogara da ita. Abin ya yi mini ciwo, domin yaran sun yi iya yinsu, kayan aikin da na ba su ne bai dace ba. Tun daga ranar, duk gidan da zan sa a takarda sai na tambayi kaina wace shawara ce amsarsa za ta canja. In babu, na share.

Abin da ya rage bai wuce shida ba. Lambar ƙungiya da lambar wasa a sama. Me robon ya yi a daƙiƙa 15 na farko, daga wane gefe ya tashi, ya ci ko ya kuskure. Abu nawa ya jefa lokacin direba, ana yi ana jan layi ɗaya-ɗaya kamar mai ƙidayar buhuna a kasuwar Dole, ba a bari sai ƙarshe a tuno. Ya cika aikin ƙarshen wasa, wato wanda ake yi a daƙiƙoƙin ƙarshe, ko bai cika ba. Ya mutu, ya kife, ko wani abu ya karye. Sai layi ɗaya a ƙasa na abin da ido ya gani, cikin kalmomin yaron da kansa, da Hausa ko Faransanci, duk wanda ya fi zo masa. Takarda da bik sun fi waya a wannan aiki. Ba caji, ba neman intanet a zauren da mutum ɗari ke rububinsa, kuma ana iya baza takardun a ƙasa a duba tare.

Yaro ɗaya, robo ɗaya. Wannan ce doka mafi wuya, saboda ido na son bin inda ake ihu. Ka gaya musu su ba ƴan kallo ba ne. Wanda aka ba robon shuɗi na hagu, ko da can gefe wani ya kife ana ta kururuwa, idonsa na kan nasa. Huɗu ke nan sun samu aiki. Na biyar shi ne shugabansu, yana karɓar takardu bayan kowane wasa, yana kwafe su cikin kaye guda, kowace ƙungiya da shafinta. Ka riƙa sauya su suna hutawa, su sha ruwa, su yi salla, domin gajiyayyen ido ƙarya yake rubutawa ba da niyya ba.

Layin nan na ƙasa kada ka raina shi. A wata gasa, wata ɗalibata mai shekara goma sha biyar, wadda ba ta cika magana ba, ta zo mini da takardu uku na ƙungiya ɗaya, wadda kowa ke tsoro saboda saurinta. A ƙasan kowace ta rubuta abu guda: "yana gajiya bayan minti ɗaya." Ta nuna mini layukan ƙidayarta, sun yi cunkus a farkon takarda, sannan suka yi tsilla-tsilla. Ta ce ta kuma lura duk suka fito daga fili sai ɗaya daga cikinsu ya tsuguna yana yi wa tayoyin fifita da kwali. Motocinsu ne ke zafi. Da muka haɗu da su, muka ce wa direbanmu kada ya yi tsere da su a farko, ya tsaya kan aikinsa, ya ajiye turereniya sai daƙiƙa 40 na ƙarshe. A lokacin kuwa robonmu mai nauyin tafiya ya ture nasu daga inda suke son tsayawa. Babu wata na'ura da ta ba mu wannan labari, yarinya ce ta zauna ta kalli abu ɗaya sau uku.

Ziyarar rumfunan ƙungiyoyi, inda kowace ke ajiye robonta tana gyara, ma tana da amfani, amma ka san iyakarta. In ka tambayi kowace ƙungiya nawa take jefawa, adadin ranar sa'arta za ta faɗa maka. Gani ya kori ji. Abin da ake tambaya a rumfa shi ne wanda ba a iya gani daga wurin zama: tsarin daƙiƙa 15 nawa gare ku, daga wane gefe kowanne ke tashi, batir nawa kuka zo da shi. Sauran kuwa da ido ake ɗauka. Motar V5 tana da giya kala uku, ja mai juyi 100 a minti, kore mai 200, shuɗi mai 600, kuma ana hango launin daga waje. A dokokin shekarun nan jimillar ƙarfin motoci ba ta wuce wat 88, wato manyan motoci takwas masu wat 11, don haka wanda ya zuba shida a tayoyi zai yi gudu ya yi turi, amma biyu kawai suka rage masa na hannu. Wanda duk tayoyinsa irin omni ne, masu ƙananan gangaruna a jiki, yana juyawa da sauƙi amma ana ture shi ta gefe ba wuya. Wayoyi a sake suna lilo kusa da giya alama ce ta robon da zai mutu a tsakiyar fili. Yara su je da sallama da fara'a, su ma su amsa tambayar da aka yi musu. Wannan aiki a fili ake yin sa, kowa na yi.

Jerin da ake nunawa a allo kuwa, ka karanta shi da hankali. A gasar da kowace ƙungiya ke buga wasa shida ko takwas kacal, sa'ar abokin ƙawance tana da nauyi ƙwarai. Ƙungiya na iya zama ta huɗu don sau uku ta faɗa tare da gwanaye, wata kuma ta goma sha biyar don abokanta sun yi ta mutuwa a fili. Kayen nan naku shi ke bambance su. In kuna dubawa, kada ku tsaya kan matsakaicin maki kawai. A ce wata ta jefa 9, 0, 10, 1, wata kuma 5, 6, 5, 6. Lissafi ya kusan daidaita su, amma a sili ɗaya ƙwale sifiri ɗaya ya isa ya mayar da ku gida, don haka ta biyu nake ɗauka. Ku duba kuma inda aka dosa: wadda ta fara da 2 ta ƙare da 7 ta gyara wani abu, kuma 7 ɗin ce gaskiyarta yanzu. Akwai wani lissafi da ake kira OPR, wanda ke ƙiyasta rabon kowace ƙungiya daga makin ƙawancen da ta shiga, sannan shafin RobotEvents da manhajar VEX Via suna nuna sakamako a gasannin da aka yi wa rajista. Suna taimakawa in wasanni sun yi yawa. Amma lissafin ba ya ganin wanda ya tare hanya, ba ya ganin wanda batirinsa ya faɗo.

Sai ganawa da abokin ƙawance, wadda ita ce dabarar wasa a zahiri. Kada ku jira sai an kira ku layi. Wasa biyu ko uku kafin naku, shugaban masu sa ido da direbobi su je rumfarsu da zanen fili a kan kwali da aka lulluɓe da leda, da alƙalamin da ake gogewa. Zane yana aiki ko da su Ingilishi suke ji ku Faransanci. Abu na farko, daƙiƙa 15: wa zai tashi daga ina, hanyoyinku za su haɗu ko a'a. Na sha ganin abokan ƙawance sun yi karo da juna a daƙiƙa ta uku, su biyun suka tashi a tutar babu. In akwai shakka, wanda tsarinsa ya fi tabbata ya tafi, ɗayan ya yi ƙaramin abu a gefensa. Ku kula da layin tsakiya, tsallaka shi a wannan lokaci kan miƙa wa abokan karawa garaɓasar makin daƙiƙa 15 ɗin kyauta. Na biyu, ku raba fili don kada ku yi ta rububin abu ɗaya. Na uku, ku tsayar da daƙiƙar da kowa zai bar abin da yake yi ya nufi aikin ƙarshe. In aikin na cin daƙiƙa 10 a gida, ku ba shi 15 a gasa, hannu na rawa. Kuma ku faɗa musu adadinku na tsakiya, ba ƙari. Tsari ya zama gajere, wanda yaro zai iya maimaitawa cikin numfashi biyu.

A bakin fili ɗalibai uku kawai aka yarda su tsaya, babba ba ya shiga, ba ya kuma ba da umarni daga wurin zama. Na ukun shi ne idon direba: yana duban agogo da fili gaba ɗaya, yana magana gajeru, "hagu babu kowa", "saura talatin", "koma". Murya ɗaya tak. Kai kuma, Malam, aikinka ya ƙare tun a rumfa, kuma na san zaman nan yana da wuya.

Tare hanya halal ne, kuma sau da yawa shi ne mafi amfanin abin da ƙaramin robo zai yi. In naku na jefa 3 a wasa, na abokan karawa na jefa 12, rage shi zuwa 6 ya fi ukunku daraja. Amma akwai iyaka. Danne robo a jikin bango ko kulle shi a kusurwa yana da ƴan daƙiƙoƙi ƙidayayyu da alƙalin wasa ke lissafawa da hannu, ku duba adadin a littafin bana. Kifar da robo da gangan ko lalata shi na iya sa a soke muku wasan ɗungurungum. Direban da bai gwada tarewa a gida ba kada ya fara koyonta a gasa.

Zaɓen abokan tafiya yakan zo da gaggawa bayan wasan share fage na ƙarshe, don haka ku fara jera sunaye tun da sauran zagaye biyu. Ko kuna ƙasa a jeri ku yi, domin in na sama suka zaɓi junansu, na ƙasa na hawowa su zama masu zaɓe, sai ka ga yaro a tsaye gaban jama'a ba takarda a hannunsa. Ku sa jerin naku ya fi yawan masu zaɓe tsawo, ana kiran suna kuna sharewa. Ku sa a gaba wanda ke cike giɓinku: in kun iya jefawa amma ba ku da tsarin gefen dama, mai tsarin gefen dama da ba ya mutuwa ya fi muku wani gwanin da ke son gefenku. Ku ware kuma waɗanda ba za ku ɗauka ba ko da suna sama, masu yawan mutuwa, masu jawo laifi, da waɗanda kuka yi tsari da su suka shiga fili suka yi gaban kansu. Wakilinku ɗalibi ne, kuma ya san wannan doka: wanda ya ƙi gayyata, ba mai iya sake gayyatarsa, sai dai in shi ya zama mai zaɓe. Ku yanke tun kafin a fara wa za ku amsa wa.

In kuwa ku ne masu jiran a zaɓa, kamar yadda ya fi yiwuwa a karon farko, ku tuna wasu ma suna da kaye kuma akwai shafinku a ciki. Ku yi abu ɗaya da kyau kowane wasa, ku cika alkawarin da kuka yi a kan kwali, ku ara wa maƙwabta sukurdireba in sun nema. Shugaban masu sa ido yana iya zuwa wurin na sama ya ce ga abin da muka yi a wasa kaza da kaza, ku duba takardunku.

Abin da nake roƙonka shi ne kada yaran nan biyar su ji kamar an ba su aikin ne don a rabu da su. In aka zauna tsara wasa, shugabansu ne zai fara magana, direbobi su saurara. In shawararsu ta ci, ka faɗa a gaban kowa. Ka kuma sa ƴan mata a ciki har da shugabanci, kada kullum a bar su da riƙon jaka.

Kafin tafiya, ka samu wurin da intanet ke da ƙarfi ka sauko da bidiyon wasannin bana guda goma daga YouTube. Ka kunna musu a aji, su huɗun su bi robo ɗaya a lokaci guda, sannan a gwama takardu. In ɗaya ya ce 6 wani ya ce 9, a mayar da bidiyon a ga inda aka rabu, a daidaita me ake ƙidayawa da me ba a ƙidayawa. Zama uku ko huɗu ya isa hannunsu ya zo ɗaya. Sai ka lissafa takardu: robo huɗu a kowane wasa, in wasannin share fage 40 ne, takarda 160 ke nan, ana iya yanka shafi ɗaya gida biyu. Ku buga su a nan gida, ku sa a leda saboda ƙurar hanya, da bik goma da katako huɗu na dannawa, kuma jakar ta zauna a hannun shugaban masu sa ido cikin mota, kada ta shiga but tare da kaya.